Halittar San Juanico: Yadda Aka Gane Ƙadangare Mai Kama da Tana

A watan Yuni na shekarar 2017, a gefen San Juanico, wani ƙaramin garin masunta da ke bakin tekun Fasifik a jihar Baha Kalifoniya ta Kudu a ƙasar Meziko, wasu masu nazarin dabbobi sun fita duba tarkunan da suka ɗana. Irin wannan tarko ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Rami ake haƙawa a binne bokiti har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, duk ƙaramar dabbar da ta biyo ta wurin sai ta rufta ciki, daga baya a zo a ɗauke ta, a auna, a rubuta. Cikin masu aikin akwai Sara Ruane, masaniyar macizai da ƙadangaru, wadda a lokacin take koyarwa a Jami'ar Rutgers da ke Newark a Amurka. A ɗaya daga cikin tarkunan suka tarar da wata halitta siririya, kaurinta bai wuce na fensir ba, launinta ruwan hoda kamar tsokar da aka saɓule wa fata, jikinta duk zobe-zobe tun daga wuya har wutsiya. Kai gundul, ido kamar ɗigon alƙalami. Sannan dab da kan nan, ga hannuwa biyu gajeru masu yatsu da farata. Daga su babu wata ƙafa.

Hotonta da bidiyonta suka bazu a intanet. Ni ma ta haka ta iso gare ni, shekaru bayan faruwar abin. Wata ɗalibata ce ta tsayar da ni bayan darasin ilimin halittu, ta miƙo mini hoton da yayanta ya buga mata a takarda, ta ce, "Malam, don Allah wannan gaskiya ne, ko haɗa shi aka yi da kwamfuta?" Kafin in amsa, 'yan ajin sun taru. Wani ya ce tana ce, wani ya ce ɗan maciji ne da bai gama halitta ba, wata ta ja baya tana neman tsari. Na ga babu darasin da ya fi wannan dacewa, don tambayar da yarinyar ta yi ita ce tambayar da masanan suke amsawa duk ranar da suka ɗaga bokiti: mene ne wannan, kuma da wace hujja?

Abin da ido ya fara zato

Tana ce zato na farko, kuma ba laifin mai zaton ba ne. Launi ɗaya, zobe iri ɗaya, zama cikin ƙasa iri ɗaya. Amma tana ba ta da ƙashi ko ɗaya, ba ta da muƙamuƙi, ba ta da haƙori, jikinta kuma a jiƙe yake da yauƙi. Halittar San Juanico tana da ƙashin baya da haƙarƙari da ƙoƙon kai mai tauri, tana buɗe baki ka ga haƙora, tana fiddo harshe mai baki biyu. Fatarta a bushe take. Idan aka kusanto da gilashin ƙara girma, sai a ga kowane zobe a yayyanke yake zuwa ƙananan ɓawo masu kusurwa huɗu, jere reras kamar tubalan gini. Ɓawon jiki na dabbobi masu jan ciki ne, dangin ƙadangare da maciji. Batun tana ya faɗi.

To ko maciji ne? Akwai ƙananan macizai makafi masu zama cikin ƙasa, muna da su a gonakinmu, masu sheƙi kamar an shafa musu mai. Amma ɓawonsu hawan juna yake yi kamar jeren kwanon rufi, bai tashi zobe-zobe ba. Babu kuma macijin da ke raye a yau mai hannun gaba, ko ma ƙashin kafaɗa. Akwai wani bambanci da sai an buɗe ciki ake ganinsa: doguwar dabba siririya ba ta da wurin ajiye manyan huhu biyu gefe da gefe, dole ɗaya ya ƙanƙance. A maciji huhun hagu ne ke ƙanƙancewa. A dangin wannan halitta kuwa na dama ne. Ina son wannan hujja ƙwarai, don tana nuna cewa zuriyoyi biyu sun fuskanci matsala ɗaya, kowacce ta warware ta da hanyarta, babu wadda ta gada daga ɗayar.

Zato na uku daga sunan gargajiya ya fito. Mutanen yankin ajolote suke ce mata. Wannan suna asalinsa daga harshen Nahuwatal ne, kuma da shi ake kiran wata dabbar ruwa ta daban, axolotl, da ke zaune a magudanan Xochimilco a birnin Meziko. Waccan ƙafafunta huɗu, jikinta laushi ba ɓawo, a wuyanta kuma akwai gaɓoɓin shaƙar iska a ruwa masu kama da gashin tsuntsu. 'Yar uwar kwaɗo ce. A kudu maso gabashin Amurka ma akwai wasu danginta dogaye da ake kira siren, su ma hannun gaba kaɗai gare su, wanda bai lura ba zai ce ai su ne. Amma su a ruwa da taɓo suke rayuwa, ita kuwa ta San Juanico a busasshiyar ƙasa mai rairayi. Suna ɗaya, halitta biyu da ba su haɗa komai ba sai suna.

Dangin da take ciki

Bayan an kawar da waɗannan, abin da ya rage shi ne rukunin da masana ke kira Amphisbaenia, wato ƙadangaru masu siffar tana. Nau'o'insu sun kai kimanin 200, a Afirka da Kudancin Amurka da tsibiran Karibiyan da Gabas ta Tsakiya da kudancin Turai, da nau'i guda a Filorida. Sunan daga Girkanci ne, ma'anarsa mai tafiya ta ɓangare biyu, kuma akwai dalili. Fatarsu ba ta manne da tsoka sosai ba, kamar hannun riga mai faɗi take. Dabbar sai ta tattare fatar ta kafa ta a bangon rami, ta zura jiki ta cikinta, ta sake tattarewa. Da wannan dabara tana iya yin gaba, tana iya yin baya cikin sauƙi iri ɗaya, ba sai ta juya ba. A rami mai faɗin jikinka, wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Wutsiya kuma gajera ce mai dunƙulallen baki kamar kai, shi ya sa a ƙasashe da dama ake musu laƙabi da maciji mai kai biyu.

Sauran alamominsu duk na mai zama cikin duhu ne. Ido ya ƙanƙance ya koma ƙarƙashin ɓawo, iyakarsa ya bambance haske da duhu. Babu kafar kunne a waje da ƙasa za ta cika. Ƙoƙon kai ya haɗe ya yi ƙarfi don da shi ake tunkuɗar ƙasa. A muƙamuƙin sama akwai haƙori guda a tsakiya cif, wanda ke shiga tsakanin biyu na ƙasa idan an rufe baki, ya zama kamar awartaki. Carl Gans, masanin da ya ƙarar da shekaru masu yawa a kan waɗannan dabbobi, ya yi bayani dalla-dalla kan yadda siffar kai take tafiya da salon haƙa: masu kai kamar shebur suna ɗaga ƙasa su danna ta a rufin rami, masu kai kamar bakin gatari suna kaɗa shi hagu da dama, masu dunƙulallen kai kuma dakan ƙasa suke yi kai tsaye. Ta San Juanico cikin masu dunƙulallen kai take.

An daɗe ana gardama kan ko su ƙadangaru ne ko wani rukuni ne mai zaman kansa. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa makusantansu su ne ƙadangarun dangin Lacertidae, masu ƙafa huɗu da gudu a sarari. A 2011 aka bayyana wani kwarangwal da aka tono a Messel ta ƙasar Jamus, mai shekara kimanin miliyan 47, aka sa masa suna Cryptolacerta. Jikinsa na ƙadangare ne mai ƙafafu, kansa kuwa ya fara yin tauri irin na masu haƙa. Waɗanda suka bayyana shi sun fahimci cewa kai ne ya fara sauyawa, ƙafafu suka bi daga baya.

Hannuwan nan biyu

A nan ne lamarin ya fi daɗin nazari. Cikin nau'o'in nan kusan 200, duk babu mai ƙafa a waje sai jinsi guda, Bipes, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai Meziko. Ganin hannun kaɗai ya isa a tsallake duk sauran dangin a sauka a kan wannan jinsi.

Kuma abin ya zo a juye. A mafi yawan ƙadangarun da suka doshi rasa ƙafa, na gaba ne ke fara tafiya, na baya su saura ko da guntu ne. Ƙadangarun Ostireliya na dangin Pygopodidae ba su da hannu, sai 'yan fallayen fata biyu a madadin ƙafar baya. Haka mazan dangin Dibamidae na kudu maso gabashin Asiya. Ba ma sai an je nesa ba: duk wanda ya taɓa duba mesa da kyau, kusa da mafitar kashinta akwai 'yan ƙayoyi biyu kamar na ƙafar zakara, ragowar ƙafar baya ke nan. Bipes ya saɓa wa wannan. Ƙafar bayansa ta ɓace daga waje, sai guntun ƙashin ƙugu da hoton ƙashi ke nunawa a cikin tsoka, hannun gaba kuwa ya tsaya da ƙarfinsa, tafi mai faɗi, farata masu kaifi.

Aikin hannun a bayyane yake ga wanda ya kalli bidiyon. Idan aka ajiye dabbar a kan ƙasa, sai ta riƙa jefa hannu ɗaya bayan ɗaya kamar mai iyo, tana jan dogon jikin nan a baya. Da ta samu wuri mai laushi sai ta sunkuyar da kai, hannuwan su shiga yaƙutar ƙasa suna watsa ta gefe. Dunƙulallen kai ba ya iya huda ƙasa daga sama idan babu abin dogarawa, to hannun ne ke buɗe ƙofa. Da zarar rabin jiki ya shige, sai ta kwantar da hannuwan a jikinta, kai ya karɓi aiki. Na tsayar da bidiyon a daidai wannan wuri na nuna wa ɗalibai, don a nan ne mutum yake gane cewa hannun ba kuskuren halitta ba ne, kayan aiki ne da aka ƙera daidai da buƙata.

Wane ne cikin ukun

Jinsin Bipes nau'i uku ne, kuma a nan ƙidaya ce ke raba gardama. Sai an riƙe dabbar a hankali, an buɗe tafin hannunta, an ƙirga yatsu.

Idan biyar ne, Bipes biporus ne, wanda Ba'amurke Edward Drinker Cope ya bayyana a 1894. Idan masu farce huɗu ne, Bipes canaliculatus ne, mazaunin kwarin kogin Balsas a jihohin Guerrero da Michoacán. Idan uku ne, Bipes tridactylus ne, wanda Alfredo Dugès, Bafaranshen da ya zauna a Guanajuato, ya bayyana shi ma a 1894, kuma yankinsa ɗan ƙarami ne a gaɓar tekun Guerrero, wajen Tecpan de Galeana.

Yatsa na iya guntulewa a wajen haƙa ko faɗa, don haka mai hankali ba ya tsayawa a kan alama guda. Sai a juya dabbar a duba cikinta. Gaban mafitar kashi akwai ƙananan huji da ke fitar da wani maiƙo mai ƙanshi, irin wanda ƙadangaru da yawa suke barin saƙo da shi ga 'yan uwansu. Na Baha Kalifoniya huji biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe, daga nan ma sunan biporus ya samo asali. Sauran biyun nasu ya fi haka yawa. Bayan wannan masana kan ƙirga zoben jiki da na wutsiya, aikin da ke buƙatar haƙuri, don a biporus na jiki kaɗai ya haura 200.

Hujja ta ƙarshe ita ce wurin da aka same ta, kuma a ganina mutane sun fi raina wannan hujja alhali ta fi kowacce sauƙi. Baha Kalifoniya dogon zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, mashigin tekun Kalifoniya ya raba shi da sauran Meziko. Biporus a wannan ziri kaɗai yake, daga hamadar Vizcaíno zuwa can kudu wajen La Paz da ƙarshen zirin. Sauran biyun suna can tsallaken ruwa, ɗaruruwan kilomita kudu maso gabas. Babu inda yankinsu ya haɗu da nasa. Zirin da kansa a da manne yake da babbar ƙasar, motsin ƙasa ne ya yage shi ya ja shi arewa maso yamma cikin miliyoyin shekaru, kuma masana suna danganta rabuwar waɗannan 'yan uwa da tarihin wannan ƙasa. Saboda haka halittar San Juanico, mai yatsu biyar, da aka kama a tsakiyar zirin, Bipes biporus ce. Babba a cikinsu tsawon jikinsa kan kai santimita 18 zuwa 24, kauri kuwa milimita 6 zuwa 7. Ƙananan sun fi ja, suna girma suna koɗewa zuwa fari-fari.

Me ya sa ganinta ya zama labari

Wanda ya ga yadda masana suka yi murna da ita zai ɗauka dabba ce da ta kusa ƙarewa. Ba haka ba ne. Theodore Papenfuss na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya wallafa babban nazari kan jinsin Bipes a 1982, ya same su da yawa ƙwarai, amma sai da aka sa shebur aka tona. A inda ƙasa ta dace da su suna cikin ƙadangarun da suka fi yawa, sai dai kusan duk rayuwarsu a ƙarƙashin ƙafar mutane take. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa biporus a sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, duk da haka dokar Meziko ta ba shi kariya ta musamman. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fitowarsa sarari, shi ya sa faɗawarsa tarkon da aka ɗana wa masu yawo a bisa ƙasa ta zama abin mamaki.

A can ƙasa rayuwarsa a tsare take. Ramukansa ba su da zurfi sosai, galibi a gindin bishiyoyi da ƙananan itatuwa irin su mesquite, dangin ƙiryar nan tamu, inda saiwa ke riƙe danshi kuma ƙwari ke taruwa. Da sanyin safiya yakan hauro kusa da saman ƙasa inda rana ta fara ɗumamawa, rana na yin zafi ya nutsa ko ya koma ɓangaren inuwa. Abincinsa gara da tururuwa da tsutsotsin ƙwari da tana, duk abin da awartakin bakin nan ya iya kamawa. Mace kan yi ƙwai 1 zuwa 4 a tsakiyar bazararsu, wajen watan Yuli, su ƙyanƙyashe bayan kimanin wata biyu. Idan maciji mai bin rami ya cim masa yakan yar da wutsiya kamar yadda tsaka take yi, amma shi tasa ba ta sake tsirowa. Dama ɗaya gare shi a duk rayuwarsa. Wannan ma abin lura ne ga mai ƙirga zobe: wutsiyar da ta taɓa gutsurewa ba ta ba da lissafi daidai.

Akwai wani abu da ke wahalar da masu nazarinsa fiye da taurin ƙasa. A ƙauyukan Baha Kalifoniya an gaji wata magana cewa idan mutum ya tsuguna biyan buƙata a daji, ajolote yakan shige shi ta ƙasa ya yayyaga masa hanji da faratan nan. Babu ƙamshin gaskiya a ciki. Dabbar ba ta da dafi, bakinta ƙarami ne, kuma da ta ji motsi ƙasa take nema. Amma tsoron na gaske ne, har masu bincike sun sha ba da labarin yadda mutane ke ɗaure fuska su janye da zarar an ambaci abin da aka zo nema. Wannan bai ba ni mamaki ba, don na tashi ina jin irin abin da ake faɗa a kan kulɓa a garinmu, ina kuma ganin yadda yara ke bin ta da jifa alhali ba ta da dafin da ake jingina mata. Abin yana damuna, domin manomin da ke juya ƙasa kullum shi ne ya fi kowa damar ganin irin waɗannan halittu, kuma sau da yawa fartanya ce ke fara gaisawa da su kafin ido ya gama kallo.

Namu na gida

Ɗalibar da ta kawo hoton ta sake tambaya, "To Malam, mu muna da irinsa?" Mai hannu dai babu, sai Meziko. Amma danginsa marasa ƙafa suna nan Afirka ta Yamma. Jinsin Cynisca yana da nau'o'i da dama a yankin, cikinsu akwai Cynisca leucura da ake samu a Gana da Togo da Benin da Najeriya. Akwai kuma Baikia africana, wanda John Edward Gray na gidan tarihin Birtaniya ya bayyana a 1865, ya sa masa sunan Dakta William Balfour Baikie, likitan nan da ya zauna a Lokoja, ya zo har Kano a 1862, ya kuma yi aikin rubuta Hausa. Ƙanana ne, ruwan hoda ko fari-fari, kuma tunda ba su da hannun da zai tona asirinsu, sun fi na Meziko saurin wucewa a matsayin tana.

Na ce wa ajin, duk wanda ya ci karo da irin wannan a gona ko a tarin taki da damina, kada ya taɓa da hannu sai ya tabbatar ba maciji ba ne. Ya sa kara ya tura shi cikin kwalba mai faɗin baki tare da 'yar ƙasa mai danshi. Ya duba ko fatar a bushe take, ko zoben a yayyanke yake, ko akwai baki da harshe. Ya ajiye biro a gefensa ya ɗauki hoton kai daga sama da gefe, da hoton ciki wajen wutsiya, ya rubuta sunan gari da ranar da irin ƙasar wurin, sannan ya mayar da shi inda ya ɗauko shi ya rufe da ƙasa. Sati uku bayan haka, da ruwa ya sauka, wani yaro ya zo da kwalbar man shafawa a naɗe cikin leda. Muka zazzage a kan farar takarda, 'yan aji suka zagaye tebur. Abin ciki baƙi ne mai sheƙi, tsawonsa bai kai ɗan yatsa biyu ba, ɓawonsa na hawan juna, babu zobe ko ɗaya, ƙarshen wutsiyarsa da ɗan tsini. Yarinyar nan ce ta karɓi gilashin ta duƙa a kansa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, wannan makahon maciji ne, ba shi ba ne."